Whakapohane: tambayoyi da amsoshi kan zagin da Maori ke yi da jiki

Mafi yawanmu abin da muka sani game da Maori bai wuce rawar nan ta Haka ba, wadda 'yan ƙwallon zari-ruga na Niyu Zilan ke yi kafin a take wasa, ana dukan cinya ana zare ido. Amma mutanen nan suna da wata hanyar nuna fushi da ta fi wannan zafi nesa ba kusa ba, har an taɓa yin ta a gaban 'ya'yan gidan sarautar Ingila. Jaridun duniya sun mai da abin na dariya. Ni ban ga abin dariya a ciki ba, shi ya sa na tattaro tambayoyin da mai jin labarin karon farko zai iya yi, na amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Mene ne whakapohane?

Shi ne mutum ya juya wa wani baya da gangan, ya sunkuya, ya kware suturarsa, ya nuna masa mazaunansa tsirara a bainar jama'a. A bakin Maori "wh" kusan kamar "f" ake furta shi, don haka sunan yana fita kamar "fakapohane". Ba a yin sa a ɓoye, ba a yin sa don raha, kuma ba shi da wata alaƙa da sha'awa. Saƙonsa guda ne: kai ɗin nan ba ka kai in fuskance ka ba, magana tsakanina da kai ta ƙare, ga abin da ya dace da kai. Mutum ɗaya na iya yi, jama'a na iya yi tare, wani lokaci a haɗa shi da waƙar zambo ko rawar Haka ta cin fuska.

Su wane ne Maori ɗin?

Su ne 'yan asalin Niyu Zilan, ƙasar da suke kira Aotearoa. Kakanninsu sun iso tsibiran ne cikin manyan kwalekwale daga gabashin Folinesiya wajen shekarun 1250 zuwa 1300, ƙarnuka kafin Bature ya taka ƙasar. A ƙidayar 2023 sun kai kusan kashi 18 cikin ɗari na mutanen ƙasar, waɗanda yawansu ya kai kimanin miliyan 5. Ƙabila-ƙabila suke, kowace da yankinta da dutsenta da koginta da take alfahari da su, kuma kowane dangi na da dandalin taro da ake kira marae, inda ake tarbar baƙi, a yi makoki, a yi shawara, a kuma fayyace wa mutum gaskiya ido da ido.

Me ya sa mazaunai, ba wani sashen jiki ba?

A nan ne gishirin maganar yake. A tunanin Maori sassan jiki ba darajarsu ɗaya ba. Akwai abin da suke kira tapu, wato abu mai alfarma wanda ba a kusantarsa yadda aka ga dama, akwai kuma noa, wato abu gama-gari da ba shi da wani shamaki. Kai shi ne sashe mafi alfarma a jikin ɗan Adam, musamman kan shugaba. Har yau a gidan Maori mai riƙe da al'ada ba a shafa kan mutum ba da izininsa ba, ba a miƙa abinci ta saman kansa, ba a ajiye hula a kan teburin cin abinci. Mazaunai kuwa su ne ɗaya ƙarshen. Shi ya sa ba a zama a kan tebur, ba a kuma zama a kan matashin kai, don kada inda mazaunai suka taɓa ya haɗu da abinci ko da kai. Ɗaya daga cikin zaginsu mafi muni da baki, pokokohua, ma'anarsa dafaffen kai: an ɗauki abu mafi daraja an mai da shi abinci.

Idan aka fahimci wannan, sauran bayanin mai sauƙi ne. Mai yin whakapohane yana ɗaukar sashen jikinsa mafi ƙasƙanci ya dasa shi a gaban fuskar mai martaba. Niyyar ita ce zubar da girman mutumin a gaban shaidu, kuma a wurin Maori girma da kwarjini ba ado ba ne, su ne jarin shugaba. Bahaushe ya san irin wannan a daƙuwa: baƙon da bai san ƙasar ba tafin hannu kawai zai gani da yatsu biyar a ware, ɗan gida kuwa ya san an zagi uwarsa ba tare da an ce uffan ba.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: mayaƙan Maori na da suna yin zanen tsaga a cinyoyi da mazaunai, da 'yar kurfi ta ƙashi ake sassaƙa fatar a zuba baƙin launi. Zanen mazaunai manyan da'irori ne masu naɗewa, ana kiransu raperape. Don haka idan irin wannan mutum ya juya wa abokin gaba baya, ba tsiraici kaɗai aka gani ba, an ga shaidar jarumtarsa da asalinsa a rubuce a jiki.

Maza ne ke yi ko mata?

Duka biyun. Labarin da ya fi shahara a tarihi ma na mata ne, kuma ya cancanci a ba da shi a tsanake.

A 1863 sojojin mulkin mallaka na Ingila suka afka wa yankin Waikato, cibiyar sarautar Maori. Bayan yaƙin gwamnati ta ƙwace musu ƙasa kimanin eka miliyan 1.2, ta ce ladan tawaye ke nan. A 1881 Sarki Tawhiao ya ajiye bindigoginsa a gaban wakilin gwamnati, ya umarci mutanensa su bar zubar da jini har abada. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, wasu ƙabilun Maori sun ba da 'ya'yansu bisa son rai, amma Waikato suka ƙi. Jikar Tawhiao, Te Puea Herangi, ita ta tsaya musu. Hujjarsu a fili take: kakanmu ya hana mu yaƙi, kuma don me za mu mutu saboda Sarkin Ingila wanda gwamnatinsa ta raba mu da gonakinmu? A 1917 aka faɗaɗa dokar tilasta shiga soja ta haɗa da Maori, amma a aikace yankin Waikato da Maniapoto kaɗai aka ɗora wa ita.

Wanda ya zo lallashinsu ɗan'uwansu ne, Maui Pomare, likita kuma minista a gwamnati. Masu tarihi sun rubuta cewa a taron da ya halarta a Waikato an tarbe shi da waƙoƙin zambo, mata kuma suka juya masa baya suka yi masa whakapohane. A 1918 'yan sanda suka je ƙauyen Te Puea kusa da Mercer suka riƙa ɗaukar samari daga cikin taro. Samarin ba su ɗaga hannu ba, ba su kuma tashi da ƙafarsu ba, sai ɗaukarsu aka yi. An tsare su a sansanin soja a Auckland, an hukunta waɗanda suka ƙi sa kaki, amma har yaƙin ya ƙare ba a kai ko ɗaya daga cikinsu fagen daga ba.

A lura da wanda aka yi wa. Ba Bature ba ne, nasu ne, mutumin da ya san ma'anar abin sarai, kuma shi ya sa ya yi masa zafi.

Wane ne ya sa duniya ta san shi?

Te Ringa Mangu Mihaka, wanda aka fi sani da Dun Mihaka, ɗan ƙabilar Ngapuhi ta arewacin ƙasar. A watan Afrilu 1983 Yarima Charles da Gimbiya Diana sun kai ziyara Niyu Zilan tare da jaririnsu William. A Wellington, babban birnin ƙasar, yayin da motarsu ke wucewa, Mihaka ya juya baya ya yi musu whakapohane. Nan take 'yan sanda suka damƙe shi. Kafin gari ya waye labarin ya zaga duniya. Daga baya shi da Diane Prince suka rubuta littafi kan lamarin da shari'ar da ta biyo baya, suka sa masa sunan al'adar.

Bayan shekara uku, a ziyarar Sarauniya Elizabeth ta watan Fabrairu 1986, abin ya sake faruwa. Wasu mata biyu sun jefe ta da ƙwai a Auckland, wani mutum ya yi mata whakapohane daga gefen hanya, shi kuma Mihaka aka cafke shi lokacin da ya nemi kutsa motarsa cikin ayarin Sarauniya.

Abin takaici shi ne da yawa ba su san Mihaka da komai ba sai wannan. Alhali tun a 1979 ya tsaya a gaban alƙali ya ce shi da harshen Maori zai yi magana. Aka hana shi. Ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda a 1980 ta ce ba shi da wannan haƙƙi matuƙar yana jin Turanci. Daga cikin abin da aka dogara da shi har da wata dokar Ingila ta shekarar 1362. Mutum a ƙasar kakanninsa, an hana shi kare kansa da harshen uwarsa bisa dokar da aka yi a wata nahiya shekaru fiye da 600 da suka wuce. Duk mai son sanin abin da ke zuciyar mutumin da ya tsaya a bakin titi a 1983, to ya fara daga nan.

To me Charles da Diana suka yi musu?

Su a karan kansu, babu. Abin da suke wakilta aka yi wa. Ranar 6 ga Fabrairu 1840 wakilin Sarauniya Victoria, William Hobson, ya ƙulla yarjejeniya da shugabannin Maori a Waitangi. Kafin shekarar ta ƙare fiye da shugabanni 500 sun sa hannu, kusan dukkansu a kan takardar da aka rubuta da harshen Maori. Takardun biyu ba abu ɗaya suka faɗa ba. Ta Turanci ta ce shugabannin sun miƙa wa Sarauniya mulkin ƙasar ɗungurungum. Ta Maori ta ce sun ba ta ikon gudanar da gwamnati, su kuma an tabbatar musu da cikakken iko a kan ƙasarsu da ƙauyukansu da duk abin da suke ɗauka da daraja.

Ko ta Turancin ma ba a cika ta ba. An ƙwace ƙasa da dokar 1863 a Waikato da Taranaki da gabar Bay of Plenty. Kotun filaye da aka kafa a 1865 ta yanyanka ƙasar dangi ta mai da ita mallakar ɗaiɗaikun mutane don sayenta ya yi sauƙi. A makarantu an riƙa dukan yara idan suka yi harshensu. A yau ƙasar da ta rage a hannun Maori a matsayin gadon dangi ba ta wuce kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari ba. Tunda da sunan gadon sarautar Ingila aka ɗauki alkawarin, Maori na ganin magajin wannan gado shi ne mutumin da ya fi dacewa a tuna wa.

Me kotu ta ce game da abin da Mihaka ya yi?

An tuhume shi da aikata abin da ke ɓata wa jama'a rai. Bai musanta ba. Kariyarsa ita ce abin da ya yi hanya ce ta nuna ƙin amincewa da al'adarsa ta sani, ba fitsara ba. Wani dattijo masanin al'adun Maori ya ba da shaida cewa lallai al'adar tsohuwa ce kuma tana da gurbi a tarihi. Duk da haka alƙali ya same shi da laifi ya ci shi tara.

Dokar da ke hukunta irin wannan, ta ƙananan laifuka ta 1981, tana nan har yanzu, sai dai fassararta ta sauya. A 1990 ƙasar ta yi dokar kare haƙƙoƙi wadda ta tabbatar da 'yancin bayyana ra'ayi. A 2011 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yi wa Valerie Morse, wadda ta ƙona tutar ƙasar a wajen bikin tunawa da sojoji, ta ce ɓacin ran masu kallo kaɗai bai isa laifi ba, sai abin ya kai ga dagula zaman lafiyar jama'a. Wannan bai halatta whakapohane kai tsaye ba, amma ya sa gurfanar da mai zanga-zanga kan wannan tuhuma ya ƙara wuya.

Amma dai ba rashin kunya ba ne?

Wannan ita ce tambayar da na san za ta fi tsaya wa mai karatu a rai, kuma ba zan kauce mata ba. A addininmu da tarbiyyarmu bayyana tsiraici haramun ne kuma abin ƙyama ne, ba na kuma kiran kowa ya kwaikwayi wannan hanya ko da an zalunce shi. Amma kuskure ne a ɗauka cewa Maori mutane ne da ba su san kunya ba. Suna da ita, suna kiranta whakama, kuma tana da nauyi ƙwarai a zamansu. Da a ce nuna mazaunai ba komai ba ne a wurinsu, da bai zama zagi ba. Ƙarfinsa daga kunyar yake fitowa: mutum ya yarda ya tozarta kansa a gaban jama'a don ya nuna cewa abin da aka yi masa ya fi wannan tozarcin girma.

Ba kuma Maori kaɗai ba ne. A 1992 wasu iyaye mata a Nairobi sun tuɓe a gaban 'yan sandan da suka zo tarwatsa su, lokacin da suke neman a sako 'ya'yansu fursunonin siyasa. A 2002 matan yankin Neja Delta da suka mamaye tashar mai ta Escravos sun yi barazanar tuɓewa, barazanar kaɗai ta isa ta sa aka zauna da su. A duk waɗannan wurare masu yin abin mutane ne da suka rubuta takarda ba a amsa ba, suka je kotu aka kore su, suka yi magana aka toshe kunne. Ina iya ƙin abin da suka yi, amma ba zan iya yin kamar ban san abin da ya kai su ba.

Duk Maori sun yarda da shi?

A'a. Dattawa da dama sun ji kunyar abin da Mihaka ya yi. Karrama baƙo babban ginshiƙi ne a al'adarsu, kuma wasu ƙabilun na da daɗaɗɗiyar ƙauna ga gidan sarautar Ingila, suna ganin gwamnatocin Turawan ƙasar ne suka ci amana, ba Sarauniya ba. Akwai kuma masu cewa abin yana da muhallinsa, wato dandalin taro inda kowa ya san ma'anarsa, amma a bakin titi a gaban kyamarorin baƙi sai ya koma abin nishaɗi ga waɗanda ba su fahimta ba. Wannan hujja ta ƙarshe tana da ƙarfi, domin kusan haka ɗin ce ta faru a jaridun waje.

Zare ido da zaro harshe da ake gani a rawar Haka, su ma zagi ne?

Ba lallai ba. Zare ido, wanda suke kira pukana, maza da mata na yi don ƙarfafa abin da ake rerawa. Zaro harshe na maza ne, alamar ƙalubale da rashin tsoro. Ana yin su a biki, a makoki, har wajen tarbar babban baƙo, inda mayaƙi ke fitowa da sanda ya ajiye ganye ko wani ɗan abu a ƙasa, baƙon ya duƙa ya ɗauka don nuna da alheri ya zo. Duk waɗannan fuska da fuska ake yin su, wato an ɗauke ka a bakin wani abu. Whakapohane kuwa hana ka fuskar ne.

Ya taɓa yin wani amfani?

Shi kaɗai, da wuya a ce ya sauya wata doka. Amma reshe ne na wata gwagwarmaya mai faɗi wadda ta yi tasiri. A 1972 aka kai wa majalisa takardar koke mai sa hannun mutum fiye da 30,000 ana neman a koyar da harshen Maori a makarantu. A 1975 Whina Cooper, tana da shekara 79, ta jagoranci tattaki daga can ƙarshen arewa har Wellington kan batun filaye. A shekarar ce aka kafa hukumar sauraron koke ta Waitangi, a 1985 kuma aka ba ta ikon binciken zalunci tun daga 1840. A Bastion Point da ke Auckland mutane sun yi zaman dirshan na kwana 506 kafin a kama 222 daga cikinsu a watan Mayu 1978. A 1987 harshen Maori ya zama harshen hukuma, aka kuma ba kowa damar yin magana da shi a kotu, abin da aka hana Mihaka shekara bakwai kafin nan.

Sai 1995, lokacin da gwamnati ta sasanta da Waikato kan dala miliyan 170 na kuɗin ƙasar, kaso ƙalilan na darajar abin da aka ƙwace. A watan Nuwamba na shekarar Sarauniya Elizabeth da kanta ta sa hannu a Wellington kan dokar da ke ɗauke da neman gafarar mutanen Waikato. A ganina masu lallami da masu tsauri duk sun taka rawa. Gwamnati ta fi saurin zama da dattawa masu taushin harshe a lokacin da ta san akwai irin su Mihaka a bakin ƙofa.

Har yanzu ana yi?

Ana yi jefi-jefi. Wanda aka fi dangantawa da shi bayan Mihaka shi ne Tame Iti na ƙabilar Tuhoe, mai zanen tsaga a duk fuskarsa. Ƙabilarsa ba ta sa hannu a yarjejeniyar 1840 ba, amma duk da haka an ƙwace mata ƙasa. A watan Janairu 2005, da hukumar Waitangi ta je Ruatoki sauraron kokensu, Tuhoe suka tarbe ta da wasan kwaikwayon ƙone-ƙonen da sojoji suka yi wa kakanninsu, Iti kuma ya harbi tuta da bindiga a dandalin taro. An same shi da laifi, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin a 2007. A 2014 gwamnati ta nemi gafarar Tuhoe.

Mihaka ya rasu a watan Agusta 2023 yana da shekara 81. Matasan yau sun fi karkata ga tattaki da rawar Haka, kuma sun kai su har cikin zauren majalisa. Ranar 14 ga Nuwamba 2024 Hana-Rawhiti Maipi-Clarke, 'yar shekara 22 mai wakiltar mazaɓar Hauraki-Waikato, ta miƙe ta yaga kwafin wani ƙudiri da ke neman sake fassara ƙa'idojin yarjejeniyar Waitangi, ta ja baƙin rawar Haka, abokanta da 'yan kallo suka amsa har aka dakatar da zaman. Bayan kwana biyar mutum fiye da 40,000 suka yi tattaki zuwa harabar majalisar. A watan Afrilu 2025 ƙudirin ya faɗi da ƙuri'a 112 a kan 11. A watan Yuni majalisar ta dakatar da ita na kwana 7, shugabannin jam'iyyarta biyu kuma kwana 21 kowannensu.